Sandar fatsa mara nauyi ba ta son faifai mai tsada

Masuncin da ke kama karfasa a madatsar ruwa ta Mairuwa, a ƙaramar hukumar Faskari, ya daɗe yana aiki da sanda da zare da ƙugiya, ga tana a gwangwani. Yanzu kuwa wasu samari na sha'awar fatsar Turawan Ingila da Amurka, wadda ake ɗaura ƙwaron roba ko na gashin tsuntsu a ƙugiya, a kuma maƙala wa sandar faifan naɗe zare. Ra'ayina shi ne kada wanda ya zuba kuɗinsa a faifan. A irin wannan su, nauyin zaren ne ke kai ƙugiya nesa, kuma da hannu ake janyo ƙaramin kifi. Faifai ma'ajiyar zare ce kawai. Abin dubawa shi ne lamba: sanda mai lamba 3 ko 4 tana son zare da faifai masu lambarta, in faifan ya fi ta nauyi sai ya rinjayi hannu, kafin azahar wuyan hannu ya gaji. A zaɓi faifan da ake kwancewa a wanke, domin ƙurar hunturu da laka sun fi kifi kashe shi, kuma ban ga mai gyaransa a kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara ba. Faifai mai birki mai ƙarfi sai mai neman babbar tarwaɗa, ita kuwa tana kwance a ƙasan ruwa, hanjin kaza da tana sun fi ƙwaron roba jan ta, kuma za ta iya karya siririyar sanda. Rarar kuɗin a sa a zare mai kyau.