Matan tarihi a dandalin wasa: a ba su bakin magana

A ƙauyukan Ɗan Gulbi, cikin ƙasar Kornaka ta gundumar Dakoro, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, tatsuniya a bakin mata take. Kaka ce ke tara yara bayan tuwon dare, ita ce kuma ma'ajiyar labarun da. Amma da zarar labari ya bar tsakar gida ya hau dandalin wasan kwaikwayo, sai ya koma hannun maza. Su ke tsara shi, su ke raba magana, kuma sau da yawa macen da labarin ke kanta ita ce ke samun kaso mafi ƙanƙanta. Ingila ta yi fama da wannan cuta shekaru 400 da suka wuce, gani ga wane kuwa ya isa wane tsoron Allah.

A zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, wadda ta rasu a 1603, marubutan wasa na Landan sun riƙa aron mata daga tatsuniyoyin Girkawa. Marlo, wanda ya mutu a 1593, ya kawo Helen cikin wasansa na Dakta Fostus. Ita ce matar da aka ce saboda ita aka yi shekara 10 ana yaƙi a birnin Taroyi. Sau biyu ta ratsa dandali, maza suna yabon kyanta, ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Shekispiya, a wasansa na wannan yaƙin, ya shigo da Kasandara, gimbiyar da ke ganin abin da ke tafe. Ta yi gargaɗi birni zai ƙone, aka ce taɓin hankali ne. A wani wasan nasa, wajen 1595, ga Hifolita, sarauniyar mata mayaƙa, wadda jarumi Tesiyus ya ci da yaƙi kana ya aura. An nuna ta amarya mai jiran ranar biki, ba a tambaye ta yadda ta ji da rasa mulkinta ba.

Dalilin haka a fili yake. Har zuwa 1660 al'ada ta hana mata hawa dandalin jama'a a Ingila, yara maza ke ɗaura tufafin mata su yi muryarsu. Mai rubutu namiji, mai wasa namiji. Wata baiwar Allah, Jen Lamli, ta fassara wasan Girkawa na Ifijeniya zuwa Ingilishi wajen 1555, labarin budurwar da ta yarda a sadaukar da ita domin ƙasarta. Aikin nata ya zauna a rubutun hannu, ba a buga shi ba sai a 1909.

Labarin Bayajidda yana ɗauke da irin waɗannan mata. Kamar yadda Tesiyus ya kashe dodo ya yar da Ariyadini da ta taimake shi, haka Bayajidda ya bar Magira, ɗiyar Mai na Borno, da ciki a Garun Gabas, ya wuce Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Kowane ɗan makaranta ya san takobin da kan macijiya. Kaɗan ne ke tuna cewa Daurama ta gaji jerin sarauniyoyi, kuma a kanta mulkin mata ya ƙare. Ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijiya, baƙo ya ce aurenta yake so. Yaya ta auna wannan ciniki? Me ta ce wa fadawanta? Me ya shiga tsakaninta da Bagwariya, uwar Karɓagari, kafin ita ta haifi Bawo? A nan wasan yake, kuma a nan ake yawan tsallakewa.

Nijar tana da misalin da ya nuna gyara mai yiwuwa ne. A watan Afrilu na 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Dogon Dutsi, ta tari rundunar Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa da suka halaka bayan wata 3 a wajejen Maijirgi ta jahar Maraɗi. Sojan da suka rubuta labarin sun kira ta tsohuwar matsafiya. A 1980 Abdullahi Mamani ya fitar da littafinsa a kanta, ya ba ta hankali da kalami irin na shugaba. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar Wagadugu a 1987. Ashe namiji ma yana iya yin adalci in ya saurara.

Akwai masu cewa tarihi ba a taɓa shi. Amma babu mai neman a canza ƙarshen labari. Ƙungiyoyin samariya da suka yi gasa a bikin matasa na ƙasa tun daga 1976, zamanin Seyni Kunce, da kansu suke ƙirƙirar maganar da sarakunan da ke yi a dandali, ba wanda ya kira haka ɓarna. Abin da aka yi wa sarki, a yi wa sarauniya. Wanda kuma ke shakkar mace ta iya magana a fada, ya dubi Inna ta Tsibirin Gobir da Iya ta Maraɗi, sarautun mata masu dogon tarihi.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan ɓangare biyu. Matan da suka fito daga makarantun yaƙi da jahilci a Ɗan Gulbi da kewaye su ɗauki alƙalami, su zauna gaban tsofaffi, su rubuta labarun nan yadda mata ke ba da su, kafin masu su su kwanta dama. Hukumomin al'adu da malaman makaranta kuma su tabbata duk ƙungiyar da za ta tsara wasa akwai mata cikin masu tsarawa, sa'an nan a buga abin da suka rubuta da Hausa, kada ya kwana shekara 350 cikin akwati kamar na Jen Lamli. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.