Yi Lissafi Kafin Ka Shiga Jami'ar Kuɗi

Ya kai ɗalibi, daga Kurmin Sarki a Suleja zuwa Abuja ba nisa. A can akwai jami'o'i masu zaman kansu, irin su Baze da Nile da Veritas ta Bwari. Idan ranka yana son ɗayansu, ba laifi. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata takwas, amma ɗaliban jami'o'in kuɗi ba su daina karatu ba.

Sai dai ina ba ka shawara ka yi lissafi tukuna. Jarrabawar JAMB dole ce, kamar ko'ina. Bayan kuɗin makaranta akwai na ɗakin kwana da abinci da littattafai, kuma digiri yakan ɗauki shekara huɗu ko fiye. Idan mahaifinka ya sayar da gonarsa don biyan shekarar farko, da me zai biya ta biyu? Me ƙannenka za su ci?

Ka zauna da iyayenka ku tattauna. Idan ƙarfinsu bai kai ba, ka nemi Jami'ar Abuja ko ta IBB da ke Lapai. Daidai ruwa, daidai tsaki.