Sha'anin Ababen Hawa: Cinikin Babur Na Hannu A Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na ciniki. Kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ba kuwa wanda zai biya kuɗin sa a can sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa, sa'an nan ya tabbata dillali ya san mai shi. Abin mamaki shi ne, mutumin da ya yi wannan taka-tsantsan a kan dabba, in ya je sayen babur na hannu sai ƙyallin fenti ya ɗauke masa hankali.

Dalilin ɗokin ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarar 2012 aka hana hawan babur a Potiskum saboda rikicin Boko Haram, ba a sassauta ba sai sa'ad da gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage hanin a waɗansu ƙananan hukumomin Jihar Yobe, bisa sharuɗɗa. A shekarar 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin sabon babur ya yi tashin gwauron zabi. To, da yake galibin baburan da ake hawa a Nijeriya, irin su Bajaj da TVS na Indiya, da Jincheng da Haojue na Sin, ko dai shigo da su ake yi ko a haɗa su da kayan waje, tilas mai ƙaramin ƙarfi ya koma ga na hannu.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya duba ba inji ba ne, takardu ne. Ya nemi rasit na asali, ya gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce, ya shafa wurin da yatsa ko an kankare an sake bugawa. A yi cinikin gaban shaidu, a rubuta yarjejeniya. A garin da ya sha wuyar rashin tsaro, babur marar asali yana iya kai mai shi ofishin 'yan sanda a kan laifin da bai ji ba bai gani ba.

Bayan takardu sai inji. Ya je da bakanikensa, ba na mai sayarwa ba, ya kuma sa a tā da babur ɗin yana sanyi, don inji mai zafi yakan ɓoye ciwonsa. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ringi ya cinye, yana shan baƙin mai. Wanda ya daɗe a ajiye kuwa, a leƙa tankinsa don tsatsa, a duba tayoyi ko sun tsattsage. Walda a jikin shasi, ko kan da ke ja gefe guda, shaida ce ya taɓa mummunan faɗuwa.

Saura manyan baburan tsere, irin su Kawasaki Ninja da Honda CBR, waɗanda ke shigowa na hannu daga Turai da Amurka, samari kuma suna kwaɗayinsu. Waɗannan kyan ɗan maciji gare su. An ƙera su ne don lafiyayyar kwalta, cikinsu kusa da ƙasa yake, ba su jure rami ko yashi. Da yawansu da ruwa suke sanyaya inji, kayan gyaransu kuwa sai an aika nesa, wani lokaci har Ikko. Mai son irinsu ya nemi takardar kwastan, ya tambayi kansa wa zai gyara masa, ya kuma tanadi hular kwano, musamman a hanyar Damaturu ko ta Azare inda manyan motoci ba sa yankewa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, ba a kuma cinikin biri a sama. Wanda ya tara kuɗinsa da gumi, ya yi wa babur irin binciken da yake yi wa sa a kara. Allah ya kiyaye hanya, amin.