Bakin Tekun Nan Gonar Wasu Ce

Yau zancenmu a kan 'ya'yanmu ne da ke karatu ko aiki a ƙasashen waje, waɗanda hutu kan kai su bakin teku.

A ƙauyen Paje da ke kudu maso gabashin tsibirin Zanzibar, baƙi na tururuwa saboda wani wasa: mutum ya tsaya a kan allo, wata ƙatuwar laima ta ɗebi iska ta ja shi a kan ruwa. Igiyoyin laimar sukan kai mita 20, kuma in suka miƙe suna iya yankar mutum.

To, wannan ruwan gonar wasu ce. Tun wajejen 1989 matan yankin ke noman ciyawar teku, wadda suke kira mwani. Idan ruwa ya janye sai su kafa turaku, su ɗaura igiyoyi, su dasa. Da kuɗinta ake cefane, ake biyan kuɗin makaranta. Ɗan wasa ɗaya ya ratsa ta ciki, wahalar makonni ta tashi a banza.

Don haka kafin ɗanki ya tafi, ki ja masa kunne. Ya tambayi masu koyar da wasan inda aka yarda a shiga. Ya nisanci turaku da jiragen masunta. Kada ya ɗauki hoton matan sai da izininsu. Galibin mutanen wurin Musulmi ne, ya suturta jikinsa kafin ya shiga gari.

Baƙo raɓa ne, gobe zai tafi, mai gona kuwa tana nan. Ke wace nasiha kike yi wa naki kafin tafiya?