Ra'ayinmu: Sankarar tumbi da awon ƙwayoyin gado, me ya kamata Suleja ta sa a gaba?

Majiyyata biyu kan zo da sankarar tumbi a mataki ɗaya, a ba su magani ɗaya, ɗaya ya yi shekaru, ɗayan bai ga azumi mai zuwa ba. Masana sun gano cewa wani ɓangare na bambancin yana cikin ƙwayoyin gado na ƙarin kansa: wacce ke aiki fiye da kima da wacce ta yi shiru. Da auna ƙarfin wannan aiki ake ƙoƙarin hasashen yadda cutar za ta kaya. Wane matsayi ya dace a ba irin wannan awo a gari kamar Suleja?

Masu goyon baya suna da hujja. Kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan sankara, ƙarinsu na fitar da sinadarin HER2 fiye da kima. Binciken ToGA na 2010 ya nuna cewa idan aka ƙara musu maganin trastuzumab, matsakaicin tsawon rayuwarsu kan tashi daga wata 11.1 zuwa 13.8. A 2014 shirin TCGA na Amurka ya nazarci samfuri 295, ya raba cutar gida huɗu. A 2024 Japan ta amince da maganin zolbetuximab domin waɗanda ƙarinsu ke ɗauke da sinadarin Claudin 18.2. Iyalin da za su sayar da gona saboda magani, in ji wannan ɓangare, sun cancanci sanin ko zai yi aiki a jikin ɗan'uwansu.

Masu taka-tsantsan kuwa cewa suke an ɗora riga kafin a yi wanka. Har gobe, matakin da aka tarar da cutar shi ne mafi ƙarfin ma'aunin makoma, kuma a wajenmu akan tarar da ita a makare. Mutum kan shafe shekaru yana sayen maganin olsa a kemis, sai ya fara rama da aman jini kafin a doshi Gwagwalada ko Abuja. Koriya ta Kudu, inda ake duba tumbin 'yan shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara biyu, fiye da kashi 70 cikin 100 na majiyyatanta kan haura shekara biyar. Gano cutar da wuri ne ya fi ba su wannan.

Akwai kuma batun waɗanda aka auna. Samfuran da aka gina waɗannan ma'aunai a kansu, akasarinsu daga Turai da Asiya da nahiyar Amurka suke. Tun 1992 likita Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya ja hankali cewa ƙwayar Helicobacter pylori ta game jama'ar Afirka, amma sankarar da ake dangantawa da ita ba ta kai yadda aka zata ba. Ko ƙarancin bincike ne, ko bambanci ne na haƙiƙa, ma'aunin da aka gwada a Seoul yana buƙatar tabbaci a nan.

Mun auna, ga matsayarmu. A bambanta awon da ke sauya magani da wanda ke hasashe kawai. Na farko, irin na HER2, ya dace a riƙa yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da Asibitin Ƙasa ga duk wanda aka tura daga Suleja, da rangwame. Na biyu ya tsaya a ɗakin bincike tukuna, kada a caji majiyyaci kuɗinsa. Ajali dai na Allah ne, kuma alƙaluman da ba za su canza komai ba sai dai su ƙara fargaba.

Ya kamata Gwamnatin Neja ta fara tabbatar da na'urar leƙa tumbi mai aiki da ƙwararrenta a Babban Asibitin Suleja, tare da gwaji da maganin Helicobacter. Hukumar NICRAT mai kula da bincike da maganin sankara kuma ta tsara adana samfuran da aka ciro, da yardar masu su, domin a gwada waɗannan ma'aunai a kan 'yan Najeriya.