Dokin da bai san daji ba

Ranar Asabar da la'asar, a kan titin Bosso a Minna, na ga abin da har yau bai bar raina ba. Samari ne wajen shida a kan dawaki, 'yan rakiyar ango, suna sukuwa a tsakanin motoci da Keke Napep. Santsin kwalta ya kwashi wani akawal, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, jini na zuba. Yaron da ke kansa ya miƙe ya hau zabga masa bulala. Ko ƙafar dabbar bai duba ba.

Wannan yaro doki bai taɓa kai shi ko'ina ba. Hayarsa yake yi na awa biyu, ya yi hoto, ya mayar.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya kawuna ya fara ɗora ni a bayansa, muka bar Gwada muka nufi wajen Kuta ta hanyar daji, kwana biyu muna tafe. Guzurinmu dakuwa da ƙuli-ƙuli, na dokin kuma gero da ɗan dunƙulen kanwa. Da rana ta yi sanyi muka yada zango a gindin wata kaɗanya. Na ruga zan buɗe jakar abinci, kawu ya riƙe hannuna: "Kai yaro, wanda ya ɗauko ka shi ke fara hutawa." Ya sassauta sirdi, ya zare linzami ya sa ragama, ya dabaibaye shi, ya jira gumi ya bushe kafin ya kai shi ruwa. Ya bi kofato ɗaya bayan ɗaya yana cire tsakuwa. Sannan ya hura wuta ya zuba ɗanyen ganye, hayaƙin ya kori ƙwari. A daren nan na koyi dalilin da ya sa ba a tsayar da doki a kurmin bakin rafi da rana: can tsando yake, shi ke kawo sammore, kuma sammore ce ta sa kiwon doki a ƙasarmu ya fi wuya a kan Katsina ko Sakkwato. Na koyi cewa idan dare ya raba, kunnen doki ake kallo, domin yana jin motsi kafin mutum. Da asuba wata Bafulatana daga rugar da ke kusa ta kawo mana nono, ta ƙi karɓar ko kwabo.

Ita waccan kaɗanyar ina da yaƙinin ta zama gawayi. Mutane sun gaji da jin kukana a kan buhunan gawayin da ake lodawa manyan motoci, alhali man kaɗe na cikin arzikin da jihar Neja ke tutiya da shi. Ba zan daina ba.

Yau wa zai kwana a dajin Shiroro da yaro? Dajin Allawa ya zama na masu babura da bindiga. A 2021 kaɗai an kwashi ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu, aka kwashi 'yan Islamiyya a Tegina cikin Mayu. Gandun dajin Kainji, da ɓangarensa na Borgu da na Zugurma, ya haura murabba'in kilomita 5,000, fili ne da a wata ƙasar baƙi za su biya kuɗi a zaga da su a kan doki, su kwana a tanti. Mu kuwa ko ma'aikatansa a ɗar-ɗar suke shiga.

Za a ce rayuka na salwanta, ni ina zancen dawaki. Ai hanyar da aka hana mahayi ita aka hana manomi da mai kai doya kasuwa.

Abin da ba zan yafe ba shi ne sakacin da ke hannunmu. Jihar da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a cikinta bisa doki, jihar da ake cika Bida don kallon hawan Etsu Nupe, a ce babu wata hanyar ƙasa guda da aka keɓe wa mahaya a babban birninta! Masu barga suna karɓar kuɗin haya, suna miƙa ingarma ga wanda bai iya ɗaura sirdi ba. Wannan zalunci ne, kuma sun sani. Masarautar Minna da masu filin Polo su zauna su fitar da hanyar kilisa a bayan gari, ko ta bakin kogin Chanchaga ce, inda tsofaffin mahaya za su riƙa fita da yara da safe su dawo kafin magariba. Duk mai bargar da dokinsa ya sake durƙusawa a kan kwalta, a karɓe dokin.