Madatsar Bakolori da Hakkin Mai Gona a Shari'a

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan zamani kamfanoni sun shiga wata al'ada wadda suke kira sauke nauyin al'umma. Watau kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙauye, ko ya gina aji biyu, ko ya raba shinkafa da azumi, sa'an nan a buga hotonsa a jarida. A ƙasar Indiya ma tun 2013 doka ta ɗora wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan irin wannan aiki. Ba mu ƙi alheri ba. Amma fa a Shari'a biyan hakki yana gaban sadaka, kuma wanda ake bi bashi ba ya kuɓuta don ya yi kyauta. Domin mu ga haka a fili, bari mu dubi abin da ya faru a ƙasarmu ta Mafara.

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi 'yar madatsa a Bakolori, a kan Gulbin Sakkwato, a kuma bi aikin sannu a hankali don kada a dagula noman da mutane suka gada. Ba a bi wannan shawara ba. Gwamnatin soja ta zaɓi babbar madatsa, aka ba kamfanin Impresit na Italiya kwangila, aka yi gini daga 1974 zuwa 1978. Tafkin ya shafe wajen hekta 8,000, aka tashi dubban mutane, har da garin Maradun, aka mai da su sabon mazauni a kan tudu. Sa'an nan aka shiga baje gonaki da haƙa hanyoyin ruwa a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Kukan manoma a lokacin ba ɓoyayye ba ne. Sun ce motocin aiki sun bi ta kan amfanin gona tun ba a girbe ba. Sun ce an hana su noma damina bayan damina ana jiran a gama baje ƙasa, alhali iyali ba sa jiran kwangila kafin su ci tuwo. Sun ce diyyar gidaje da itatuwa ta yi jinkiri, ko ta zo a tauye, ko ta ɓata a hanya. Da kai ƙara bai yi ba, sai suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su wuce 25 ba, masu bincike daga baya suka kawo adadin da ya haura 380. Allah ya jiƙan Musulmi.

To, me Shari'a ta ce?

Lalle malamanmu na Malikiyya sun halatta wa shugaba ya tilasta wa mutum sayar da filinsa saboda maslahar jama'a, kamar faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya. Amma sayarwa suka ce, watau da kuɗinsa na adalci. An ruwaito cewa sa'ad da Sayyidina Umar ya so shigar da gidan Abbas cikin Masallacin Madina, Abbas ya ƙi, suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, shi kuwa ya ba Abbas gaskiya. Sai da hakkinsa ya tabbata sa'an nan ya ba da gidan don Allah. Wannan fa ɗakin Allah ne, mai nema kuma Halifa. Ina ga hanyar ruwa?

Kada a ce addini yana gaba da aikin ban ruwa. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo yadda Umar ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama ya bar magudanar maƙwabcinsa Dahhaku ta ratsa gonarsa, domin kuwa shi ma zai sha, kuma ba ta cutar da shi da kome. Dalilin hukuncin ke nan, rashin cuta. Inda cuta ta shigo, hukunci ya sauya.

Akwai kuma waɗanda ba a ko rubuta sunayensu ba, su ne mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsa. Kowace shekara gulbi yakan cika ya malale fadama, a yi shinkafa, ruwa ya janye a yi noman rani, masunta kuma su sami kifi. Da aka datse gulbi ambaliyar ta ragu, dubban hekta na fadama suka daina ba da abin da suka saba. Ba wanda ya taɓa gonarsu da hannu, saboda haka a takarda ba su da diyya. Alhali hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan kwarurukan Madina sananne ne: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Ashe na ƙasa yana da rabo a gulbi ko da bai sa hannu a kwangila ba. Hukumar da ta bincika manyan madatsu a duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2000 cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 madatsu suka raba da muhallinsu, ta kuma ja hankali ga irin waɗannan na ƙasa. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idar cewa kamfani shi ma yana da alhakin kiyaye hakkin mutane, ba zai fake da cewa gwamnati ce ta sa shi ba. Mu wannan ba baƙo ba ne gare mu, ɗan fiƙihu na farko ya san cewa wanda ya lalata dukiyar wani da hannunsa shi ke ramawa.

Yanzu ga tamu, ya ku attajirai. Sa'ad da manoman Bakolori suka rasa noma, da yawa sun sayar da gonakinsu da araha don su ciyar da gida, masu hali daga birni suka saye. Mai yiwuwa cinikin ya cika sharuɗɗa a gaban alƙali, ga shaidu ga takarda. Amma malamai sun ƙi a matse wanda yunwa ta kora kasuwa a karya masa kuɗi. Wanda ya san haka gonarsa ta zo hannunsa, ko ta hannun mahaifinsa, muna ganin ya nemi magada ya cika musu, ya fi masa gina masallaci da sunansa a jikin bango.

Ku kuma ma'aikata, ku ne alƙalamin. Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa galibi ta gini ce da shuka da abin da aka inganta. Saboda haka abin da talaka zai samu ya rataya a kan wanda ya ƙirga masa ɗorawa da mangwaro da ɗakuna. In an rage itace ɗaya, ko an cusa sunan wanda ba shi da ko kunya ɗaya a wurin, ai shaidar zur ce da tambarin ofis.

Daga 2014 Bankin Duniya ya ba da rance don gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, har da Bakolori, kuma ayyuka irin wannan ba za su ƙare ba, ko hanya ce ko haƙar zinariya. Abin da muke roƙo kaɗan ne. A ƙirga kafin mota ta shiga gona. A karanta sunaye da adadi a ƙofar hakimi, da Hausa, kowa yana ji. A biya mutum a hannunsa kafin ya tashi, a kuma lissafa masa kowace damina da aka hana shi. In kuwa za a taɓa gulbi, a aika wa ƙauyukan da ke ƙasa, a zauna da sarakunan noma da sarakunan ruwa nasu tun ba a zuba siminti ba.